Lahadin da na yi a majami'ar Yahudawa

Yau na tashi tun kafin gari ya waye, domin na yi wa wata abokiyar aikina ta asibiti alkawarin zan je in taya su aikin sa kai a majami'arsu da ke arewacin Landan. Ranar ita ce suke kira Mitzvah Day, wadda wata mata mai suna Laura Marks ta assasa a nan Birtaniya a shekarar 2005, ake kuma yin ta a wata Lahadi cikin watan Nuwamba na kowace shekara. Kalmar mitzvah a Ibrananci tana nufin umarnin Ubangiji, kuma malamansu sun ƙidaya irin waɗannan umarni har 613 a cikin Attaura, sai dai a bakin mutane kalmar ta koma nufin duk wani aikin alheri. Ƙa'idar ranar ita ce mutum ya ba da lokacinsa da ƙarfinsa, ba kuɗinsa ba. Ba zan ɓoye ba, na tafi da nauyi a zuciyata saboda abin da ya sami mutanen Gaza, na kuma san cewa naɗe riguna na wuni guda ba zai ɗauke wannan nauyi ba. Amma alkawari kaya ne, don haka na kama hanya.

A bakin ƙofa na tarar da mutum biyu cikin rigunan sanyi suna duba masu shiga, ashe su ma 'yan majami'ar ne da ke karɓa-karɓa wajen gadi ba tare da an biya su ko sisi ba. Wannan ne abu na farko da ya tsaya mini a rai, wato a ce iyaye sai sun tsaya cikin hunturu suna gadi kafin 'ya'yansu su zauna su yi karatu.

An kai ni ɗakin girki, aka haɗa ni da wata dattijuwa wadda za ta kai sa'ar mahaifiyata. Na gaishe ta da ladabi, ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, zo ki kama mini albasar nan, idanuna sun gaji da ita." Miyar ganye da wake muka dafa domin marasa matsuguni, ba nama a ciki, saboda dokar abincinsu ta hana haɗa nama da madara, kuma wannan ɗakin girki na ɓangaren madara ne. Na ce mata, "Mama, shekara nawa kika yi kina wannan aiki?" Ta ce tun 'ya'yanta suna ƙanana, yanzu kuwa jikokinta ne ke cikin aji a sama. Ta lissafa mini masu ziyarar marasa lafiya, da masu kai abinci gidan da aka yi rasuwa a kwana bakwai na zaman makoki da suke kira shiva, da masu ɗauko tsofaffi a mota ran Asabar. Kusan dukansu suna da aikin da suke ci da shi a wani wuri, wannan kuwa suna yin sa ne a lokacin da ya kamata su huta.

Da hantsi ya yi, abokiyata ta hau da ni sama in ga makarantar yara ta ranar Lahadi, wadda suke kira cheder, ma'ana ɗaki. A nan ne na fi daɗewa, kuma a nan ne zuciyata ta fi motsawa. Yara ne 'yan shekara shida zuwa bakwai suna bin bakin malamarsu suna cewa alef, bet, gimel, dalet, suna rubuta baƙaƙen daga dama zuwa hagu, sai na tuna da jerin abajada, alif, ba, jim, dal, na kuma tuna da zauren malaminmu da ƙamshin tawada a jikin allo. Baƙaƙensu 22 ne. Masu taimaka wa malamar samari da 'yan mata ne da suka riga suka wuce bar mitzvah ko bat mitzvah, bikin da ake yi wa yaro a shekara 13, yarinya kuma a 12 ko 13, inda yake tashi gaban jama'a ya karanta wani yanki na Attaura. Wanda ya koya jiya shi ke koyarwa yau, kamar yadda gardi ke biya wa ƙolo. Bayan darasi aka sauko da yaran gaba ɗaya suka shiga layin masu cusa safa da man goge baki cikin jakunkunan da za a kai wa masu neman mafaka, kuma a ganina wannan saukowa ita ce rabin karatun.

Limamiyarsu, wadda suke kira rabbi, ta buɗe mana ma'ajin da ke bangon da ke fuskantar Birnin Ƙudus, ta nuna mana naɗaɗɗen littafin Attaura, rubutun hannu a kan fata, wanda ba a taɓa rubutunsa da yatsa sai da ɗan tsinken azurfa mai siffar hannu. Ta yi wa yaran bayanin tzedakah, kalmar da ta fito daga tushe ɗaya da sadaka, ta kawo matakai takwas da Musa bin Maimun, malaminsu da aka haifa a Ƙurɗuba ya rasu a Masar a 1204, ya tsara, inda mafi ɗaukaka shi ne ka taimaki mutum har ya tsaya da ƙafarsa. Da muka keɓe, ta ba ni labarin majami'ar Finchley Reform, wadda ta buɗe ƙofarta ga Musulmi 'yan asalin Somaliya suka riƙa sallar dare a watan azumi bayan an ƙone cibiyarsu ta Muswell Hill a 2013.

Ranakun Nuwamba gajeru ne a Landan, don haka la'asar ta matso tun muna kwashe miya. Na tambayi inda zan yi salla, Mama ta kai ni ajin da yaran suka bari, ta ture kujeru da kanta, ta ja mini ƙofa. Kafin in fito na ga takardar masu girki na wata mai zuwa manne a bango, da sauran gurbi biyu, na karɓi biro na rubuta sunana a ɗaya. Ƙarfe huɗu duhu ya soma sauka, na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa hannuwana suna ta warin albasa.