Ranar kuncin akuya

Talata, Ngaundare. Tun da asuba na hau mashin zuwa kwata, hazo ya rufe gari ga sanyi. Tsohon mahaucin da na saba zuwa wurinsa yana hango ni ya ce, "'Yata, yau ma kuncin ne?" Na ce, "Shi ne, Baba, amma na wadda aka yanka yanzu." Ya yanko mini na akuya biyu, ya ƙi karɓar ko sisi. Na saka a ruwan gishiri mai ƙanƙara na kama hanyar Dang, inda jami'armu take, domin fatar cikin kunci ba ta jira, in ta kwana ta tashi daga aiki.

A yawancin ƙasashe da kuncin alade ake gwajin maganin da ake mannawa a cikin kunci, don ya fi kama da na mutum. Ni dai na akuya nake samu, kuma hankalina ya fi kwanciya da shi.

Abin da nake nema ɗan faifai ne siriri, bai wuce farce ba, wanda za a manna a cikin kunci ya riƙa sakin magani a hankali. Maganin da aka haɗiya sai ya bi ta hanji ya faɗa hanta, ita kuma ta cinye kaso mai yawa kafin ya zaga jiki. Na kunci kuwa kai tsaye yake shiga jini. Kakata da ke ajiye goro a kumatu tun safe ta riga mu sanin wurin. Matsalar ita ce yawu: baki na fitar da kusan lita 1 a rana, yana wanke duk abin da aka ajiye masa.

Haɗi uku na gwada. Na farko ƙaro ne zalla, na dakwara, wanda ƙawata ta aiko mini daga Chadi. Na so ya yi nasara, wallahi, don namu ne, Chadi na cikin manyan masu fitar da shi a duniya. Ya kama da farko, sai ya sha ruwa ya narke ya zame. Na biyu kitosan ne, wanda ake samu daga ɓawon jatan lande. Shi cajin lantarkinsa kishiyar na majinar da ke lulluɓe kunci ne, shi ya sa suke riƙe juna kamar ƙarfe da maganaɗisu. Ya riƙe ƙam, amma da ya bushe sai ya tsage. Na ukun ne ya sa na manta da abincin rana: kitosan da yauƙin kuɓewa, da ɗigon gilisarin don ya yi laushi. Na manna shi a fatar, na ɗaure a hannu ɗaya na sikeli, ina ɗiga ruwa a ɗayan. Ina ɗigawa, ina jira, bai saki ba sai da kofin ya kusa cika.

Malamina ya duba ya ce, "Ki maimaita sau uku kafin ki yi murna." Gaskiyarsa.

Da magariba na kira Inna. Ƙanina na tuna, daren da zazzaɓi ya sa shi jijjiga, haƙora a datse, ba halin ba shi ko cokalin ruwa, asibiti kuma da nisa. Na gaya wa Inna cewa a Turai tun 2011 aka amince da ruwan midazolam da ake zuba wa yaro tsakanin kunci da dasashi in farfaɗiya ta ƙi tsayawa, uwa ma tana iya ba shi a gida. Inna ta yi shiru, sannan ta ce, "Allah ya dafa miki." Gobe zan koma kwata, na ce wa Baba ya ajiye mini huɗu.