Shekara 19 ina shanya ganye a inuwa

Makon jiya na mayar da buhu uku na zogale. Mai kayan ya ji haushi ƙwarai, ya ce duk inda yake kaiwa ba a taɓa yi masa haka ba sai a wurina. Na ce masa, "Malam, zura hannunka har tsakiyar buhun." Ya zura, ya yi shiru, domin ya ji ɗumi. Ganyen da ke saman buhun kore shar, kai ka ce yanzu aka tsinko shi, amma na ciki ya fara baƙi, yana warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. An ɗure shi ne bai gama bushewa ba, don ya yi nauyi a kan sikeli.

Ganyen da ya kwana da danshi a buhu ya tashi daga magani. Fumfuna ce ke biyo baya, kuma ba kowace fumfuna ido ke gani ba. Akwai wadda ke fitar da guba mai suna aflatoksin, wadda ke lalata hanta a hankali har ta kai ga sankara. An gano ta bayan 1960, lokacin da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda gurɓataccen abincin da aka ba su. Tana kama citta da kurkum da tsaba iri-iri idan ba a busar da su da kyau ba, kuma tafasawa ba ta kashe gubar. To ni da mutum ya zo wurina yana neman sauƙin kumburin ciki, da wane ido zan dube shi in miƙa masa abin da zai ci masa hanta?

Mu shida ne a wannan ɗan kamfani namu. Muna haɗa shayin ganye, garin saiwoyi, man shafawa da sabulu. Kayanmu ba su da yawa: zogale, na'a-na'a, citta, kurkum, kanumfari, kirfa, hulba, habbatus sauda, soɓorodo, filasko, darbejiya, sai man kaɗanya. An sha ba ni shawarar in ƙara, in kai iri hamsin kamar yadda wasu ke yi. Na ƙi. Abin da ban san shi da hannuna da hancina ba, ba zan sa sunana a jikinsa ba.

Wurin gwaggona na koyi aikin, Allah Ya jiƙanta. Ina 'yar shekara 12 aka kai ni hannunta, kuma shekara guda cur ba ta bar ni na taɓa turmi ba. Aikina tsince. Ta zube ganye a faifai, in cire kara, in cire tsakuwa, in cire wanda tsutsa ta ci, in cire wanda ya yi rawaya. In na gama sai ta ɗebi kaɗan ta baza a tafin hannunta, ta kai bakin ƙofa inda haske yake. Kara ɗaya ta gani, sai ta ce, "'Yata, koma." Na sha yin kuka a ɓoye. Yau kuwa idan aka zube mini filasko, kafin mai kayan ya gama gaisuwa na ga baƙon ganyen da aka cakuɗa a ciki, domin siffar kowane ganye ta zauna mini a ido tun daga wancan faifan.

Ita ce ta hana ni shanya a rana. Takan ce rana ɓarauniya ce, tana sace ƙamshi, kuma ganyen da ƙamshinsa ya tafi ƙarfinsa ya bi shi. A cikin rumfa take shanya, inda iska ke ratsawa, ta baza shi siriri kada wani ya hau kan wani, ta juya safe da yamma. Gwajinta kuma ɗaya ne: ta ɗauki ganye ta murje kusa da kunne. In ya yi ƙaras-ƙaras ya farfashe, ya bushe. In ya lanƙwashe ya yi shiru, da saura. Saiwa kuma sai ta karye ɓas, ba ta tanƙware ba.

Sai da na girma na fara karance-karance na gane dalilin. Ƙamshin na'a-na'a wani mai ne mai saurin tashi a iska, mentol na cikinsa, kuma zafi kora shi yake yi. Haka na kanumfari, wanda ake kira yujinol, wanda har likitocin haƙori ke amfani da shi. Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Tu Youyou, masaniyar nan ta ƙasar Sin. Ita da abokan aikinta sun yi ta gwada tazargaden ƙasarsu a kan zazzaɓin cizon sauro, sakamakon yana zuwa yana ɓacewa. Sai ta koma wani tsohon rubutu na Ge Hong, likitan ƙarni na 4, ta ga ya ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse, bai ce a dafa ba. Nan ta gane zafi ne ke ɓata sinadarin. Da ta sauya hanya zuwa mai ƙarancin zafi, aka samu atemisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, a 1972, ita kuma ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Ranar da na karanta wannan, gwaggo kawai nake tunawa tana korar mu daga tsakar rana da faifan ganye. Ba ta san sunan ko sinadari ɗaya ba, amma ta san zafi yana cin magani.

Yanzu muna da ɗakin shanya na musamman, da jerin raga hawa-hawa, da fanka, da ma'aunin zafi rataye a bango. Ganye mai ƙamshi ba na barin zafin ɗakin ya wuce digiri 40. Citta da kurkum sun fi jure zafi, amma sai an wanke su tas, an yanka fale-fale, domin mai kauri bayansa ke bushewa cikinsa ya ruɓe. Kowane kaso da ya fito muna rubuta masa ranar da aka tsinko, ranar da ya bushe, da wanda ya kawo. Ajiya a kwalba mai duhu, murfi a ɗaure, nesa da taga. Ba na niƙa da yawa, sai abin da zai ƙare cikin ɗan lokaci, saboda gari ya fi ganyen da ba a niƙa ba saurin sallacewa.

Kuma ba na sayen gari. Ko da wasa. Ganye in an daka shi ba shi da fuska, kowa na iya kiransa da sunan da ya ga dama. A nan ne masu algus suke cin karensu babu babbaka. A zuba garin rogo ko alli a kurkum, a bi shi da rini don ya yi rawaya mai ɗaukar ido. A Bangaladash an taɓa gano ana shafa wa kurkum wani rini mai ɗauke da dalma, ita kuma dalma ƙwaƙwalwar yara take taɓawa. Kirfa ma iri biyu ce da mutane ba su bambancewa. Ta Siri Lanka siririya ce, nannaɗe falle-falle, tana farfashewa a hannu. Ɗayar, kasiya, mai kauri ce da tauri, tana ɗauke da sinadarin kumarin mai yawa, wanda ke wahalar da hanta in an yawaita sha kullum. A sanda kowa zai iya bambance su, a gari kuwa sai Allah. Akwai kuma abin da ya faru a Beljiyam a farkon shekarun 1990, inda aka musanya wata saiwa da wata mai kama da ita a suna cikin haɗin rage ƙiba, mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace. Musanya ɗaya tak, daga wurin mai kawo kaya. Shi ya sa duk wanda zai kawo mini, ya kawo da ganyensa, da ɓawonsa, da siffarsa, in gani in shinshina in ɗanɗana, sannan in niƙa da injina.

Abin da ya fi ƙona mini rai ma shi ne na masu kwaikwayo. Sun ga mazubinmu ya karɓu, sai suka buga takarda mai kama da tamu, launi ɗaya, har rubutun ya so ya zo ɗaya. Da a nan suka tsaya da na haƙura. Amma wasunsu ƙwayoyin asibiti suke dakawa su zuba a ciki, musamman a haɗin ciwon gaɓoɓi. Wata dattijuwa ta zo mini bara, fuskarta ta kumbura ta yi zagaye, fatar hannunta ta yi siriri, ta ce wata biyar tana shan wani gari da aka ce mata ganye ne zalla, kuma tun ranar farko gwiwarta ta daina ciwo. Gabana ya faɗi. Na ce, "Hajiya, ganye ba ya aiki haka. Wannan alamar ƙwaya ce irin su dezametason. Kada ki daina sha kwatsam, don daina shi farat ɗaya ma haɗari ne. Ki ɗauki ƙullin nan yau ki kai wa likita ya gani." Ta je, aka janye mata shi sannu a hankali. Har yau takan aiko a saya mata shayin citta.

Irin waɗannan ne ake gwada ni da su. Mutum ya ɗaga kwalbata ya ce, "Ai a can ya fi araha, kuma nan take yake aiki. Yi mini ragi." Ina yi masa bayani iya iyawata, in ya ƙi ji in bar shi ya tafi. Araha ba ta ado. Buhun da na saya, bayan tsince da shanya da tankaɗe, abin da ke saura bai taka kara ya karya ba, shi kuwa mai algus nasa ƙaruwa yake yi.

Wuri ɗaya na saɓa wa gwaggo. Ita da yatsu uku take awo, tana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Idonta ya sani, gaskiya ne, amma ba kowa ke da idonta ba, don haka ni sikeli nake sawa in rubuta adadi a jikin kowane mazubi. Tsiro yana da ƙarfi, kuma mai ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin cutarwa. Kwinin daga ɓawon itacen sinkona aka fitar da shi a Faransa a 1820. Asfirin, da aka haɗa a Jamus a 1897, asalinsa yana komawa ga sinadarin ɓawon wata bishiya. Ba wanda ke shan waɗannan da ka, to me zai sa a sha iyayensu da ka? Filasko yana sakin ciki cikin awa 6 zuwa 12, shi ya sa nake cewa a sha da dare, kuma kada a wuce mako guda. Kanumfari yana kwantar da zogin haƙori amma ba ya cike rami. Man darbejiya na shafawa ne, ba a ɗura wa yaro. Zuma ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba.

Kafin in sayar, sai na yi tambaya. Kina da ciki? Kina shayarwa? Baba, akwai ƙwayar da kake sha kullum? Mai shan wafarin, maganin tsinka jini, ba na ba shi haɗin citta ko tafarnuwa mai ƙarfi sai likitansa ya sani. Mai hawan jini ya sha soɓorodo, yana ɗan taimakawa, amma kada ya ajiye ƙwayarsa saboda shi. Yaro mai zazzaɓi kuwa ba na ma buɗe kwalba, a kai shi a gwada jini. Na rasa ciniki da yawa ta haka, kuma ina barci lafiya.

Cikin duk abin da muke yi, man shafawarmu na fi alfahari da shi. Busasshen ganye kawai ke shiga mai, domin ɗanye ruwa yake saki man ya lalace. Sai ya yi makonni a jiƙe, ana girgiza shi kullum, sannan a tace sau biyu da farin ƙyalle. Man kaɗanya ba na ɗora shi kan wuta kai tsaye, a kan tururin ruwan zafi yake narkewa. Sirrin kuma yana wajen hucewa. In ya huce a hankali sai ya yi tsaki-tsaki kamar an zuba yashi, in aka sanyaya shi da sauri sai ya fito sumul, ya narke da zarar ya taɓa fata. Shekara biyu na yi ina gwadawa kafin hannuna ya faɗa. Masu kaushin ƙafa da masu bushewar fata su ne shaiduna, su ke kawo mini 'yan uwansu.

Mai zogalen nan ya dawo shekaranjiya, ba da kaya ba, da tambaya. Na shiga da shi ɗakin shanya, na nuna masa yadda ake bazawa, na murje masa ganye a kunne ya ji ƙarar. Na ba shi aron raga biyu, muka yi da shi zai kawo kason farko nan da mako uku. Na'a-na'ar da muka shanya a farkon wata kuma ta bushe, jibi za mu fara ɗurawa. Duk wanda ya zo saye yana iya cewa a nuna masa ganyen kafin a niƙa, za a ɗebo masa ya murje da hannunsa.