Guza ba damo ba ne: awon hunturu ya sa na yi keji sau biyu

Awon da na yi wa guzan nan a watanni ukunsa na farko a hannuna shi ya cuce ni, har yau in na ga tsohon kejin jingine a bayan gida sai raina ya sosu. Masunta ne suka tarar da shi cikin tarkon kifi a kogin Kaduna, ta wajen Kabala, a farkon Nuwamba. Santimita 34 ne daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya, baƙi da ɗigo-ɗigon rawaya a jere, irin kalar da ke dusashewa in sun girma. Guza na ƙyanƙyashewa da tsawon santimita 20 zuwa 30, ke nan wannan bai daɗe da fitowa daga ƙwai ba.

Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu, santimita 4 kacal ya ƙara. Sai na zauna na buga lissafi: 4 a wata uku, 16 a shekara, kafin ya kai mita ɗaya ai sai an shekara huɗu. Ga shi dama na taɓa riƙe damo, wanda yawanci bai cika wuce mita ɗaya ba. Na je kasuwar Panteka na sayi ƙarfe da raga, aka yi mini keji ƙafa 4 a tsawo, 2 a faɗi, 2 a tsaye. Mai waldar ma sai da ya ce, "Malam, wannan ai har jikokinsa sa zauna a ciki." Ni ma haka na ɗauka.

Ashe ba girman guza na auna ba, sanyin hunturu na auna. Jikin guza ba ya samar wa kansa ɗumi. Narkewar abinci, da ci, da girma, duk zafin waje ke tafiyar da su. Daren Disamba da Janairu a Kaduna yakan sauko wajen digiri 15, wani lokaci ƙasa da haka, ga iska busasshiya. A wannan yanayi sai ya ci gyare biyu ya kwanta kwana uku. Da bazara ta shigo sai ya zama wata dabba daban. Ƙarshen Maris 46. Ƙarshen Yuni 64. Da ya cika shekara a hannuna, santimita 95, kejin kuwa gaba ɗayansa 120 ne. Ba ya iya juyawa sai ya naɗe wutsiya.

Asarar ƙarfe ba ita ta fi ƙona mini rai ba. Guza in wuri ya yi masa kaɗan, goga hanci yake yi a jikin raga yana neman mafita, dare da rana. Kafin in ankara fatar saman hancin ta saluɓe, ta yi ja, har ta fara ruwa. Ƙarshen wutsiya kuma, saboda dukan ƙarfe da rashin laima lokacin saɓa, tsohuwar fata ta ɗaure shi kamar zobe, jini ya daina kaiwa, wajen santimita 3 suka bushe suka faɗi. Kuma wutsiyar guza ba irin ta ƙadangare ba ce, abin da ya guntule ba ya sake tsirowa. Tabon hancin yana nan har yanzu.

Wannan guntulewar ce ta koya mini awo na gaskiya. Masu nazarin dabbobin nan ba sa dogara da tsawo gaba ɗaya, daga hanci zuwa dubura suke aunawa, domin wutsiya na iya raguwa, gangar jiki kuwa ba ta yin ƙarya. A jikin guza wutsiya ta kai kusan ɗaya da rabi na gangar jiki. Yadda nake yi yanzu: da sassafe kafin ya sha rana, lokacin jikinsa a mace, mutum biyu, ɗaya ya riƙe wuya da kafaɗu da safar hannu mai kauri, ɗaya ya riƙe gindin wutsiya, a bi cikinsa da zare sannan a ɗora zaren a kan tef ɗin tela. Nauyi kuwa a sa shi a buhu a rataya a sikeli, a cire nauyin buhun. Sau ɗaya a wata ya isa. Kada a gwada da tsakar rana. Bulalar wutsiyarsa na fasa fata, cizonsa kuma in ya kama ba ya saurin saki. Haƙurin nan da ake yi wa damo kirari da shi, guza bai gada ba.

Shekara ta biyu ya kai 130, ta uku 150, yanzu a ta huɗu 158, nauyi kilo 6 da ɗoriya. Ka ga yadda abin yake: gudu a shekara ɗaya da rabi na farko, sannan tafiya, sannan rarrafe. Tsawo ya lafa, sai kauri, kai ya yi faɗi, wuya ya cika. Haƙoran ma sun sauya, daga masu tsini na cafke ƙwari zuwa dakusassu na farfasa dodon koɗi da ƙaguwa. Babban guza a Afirka yana kaiwa tsakanin mita 1.2 zuwa 2.2, babu wani dangin ƙadangare a nahiyar nan da ya fi shi tsawo, kuma namiji ya fi mace girma. Tun da ba a iya bambance namiji da mace da ido suna ƙanana, lissafin namiji ya kamata a yi tun farko. Da na san haka!

Masu ganin hotunan guzan ruwa na Asiya a intanet suna sha'awa, su ƙara a kan duk abin da na faɗa. Wannan na Sirilanka, Indiya, Tailan, Malesiya da Indunusiya ne, shi ake gani yana yawo a lambun Lumpini na birnin Bankok. Manyansu mita 1.5 zuwa 2 ne, an kuma taɓa auna wani a Sirilanka da ya kai mita 3.21. A nauyi, in ka cire dodon Komodo, wato ƙaton guzan nan na Indunusiya, babu na biyunsa. A hannun mai kiwo, da zafi da ci, yana iya wuce mita ɗaya a shekarar farko. Irin kuskuren da na yi shi ya sa guzanmu na Afirka ya kafa zuriya a jihar Fulorida ta Amurka, musamman garin Cape Coral: an sayo su suna ƙanana, suka fi ƙarfin keji, wasu suka tsere wasu aka sake su. Cinikinsu tsakanin ƙasashe ma yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji, ba abin da ake ɗauka a jefa a jaka ba ne.

Gini na biyu da bulo na yi shi, ba ƙarfe ba. Mita 4 a tsawo, 2.5 a faɗi, domin a ƙalla tsawon wurin ya ninka na dabbar sau biyu. Katanga mita 1.5, an shafe cikinta da siminti sumul yadda farce ba zai samu makama ba, kuma ba ya hango waje balle ya goga hanci. Tushen gini santimita 60 a ƙasa, don gwanin haƙa ne. Sama raga mai ƙarfi, don gwanin hawa ne ma, rabi kuma an rufe da kwano ya ba da inuwa. Ragar ta fi gilashi, saboda gilashi na tare sinadarin hasken rana da jiki ke buƙata kafin ya amfana da kalsiyam, mai ƙarfafa ƙashi. Kwamin ruwa mita 1.5 da mita 1, zurfin santimita 50, da bututun zubarwa a ƙasa. Wannan bututun kada a yi wasa da shi: a cikin ruwa yake kashi, ana sauyawa duk kwana biyu, wanda ya yi ta kwasa da bokiti zai gaji a wata guda. A wanke hannu da sabulu bayan kowane aiki, suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela.

Zafi kuwa, faffaɗan dutse a inda rana ke duka, samansa ya kai digiri 50 zuwa sama. Na hunturu shi ne abin da na rasa a karon farko: akwatin katako cike da ƙasa mai ɗan laima da busasshen ganye, da kwan fitila mai zafi a sama cikin raga, don kada dare ya sauka ƙasa da 22 zuwa 24. In an ɗauke wuta, jarkar ruwan zafi naɗe da tsumma tana riƙewa har asuba. Tun da na yi haka, cinsa bai ƙara tsayawa cak a Disamba ba, raguwa kawai yake yi.

Abinci yana ƙarami kullum ne: gyare, fara, kyankyaso, ƙananan kifi, ana barbaɗa garin ɓawon ƙwai. Fara a tabbata ba daga gonar da aka yi feshi ba. Bayan shekara, sau uku a mako. Yanzu sau biyu. Dabba sukutum da ƙashinta da hanjinta, wato karfasa, dodon koɗi, ƙaguwa, ɗan tsako, ɓeran da aka kiwata, ba wanda aka kama a gida ba don gudun guba. Tsokar nama zalla daga mahauta ba ta da isasshen kalsiyam, tana kawo laushin muƙamuƙi da lanƙwasar ƙafa, musamman a shekarar farko ta saurin girma da ƙashi ke ƙaruwa kowane mako. Bayan tsawo ya lafa kuma haɗarin ya koma ƙiba, domin guza ba ya cewa ya ƙoshi. In ciki na jan ƙasa yana tafiya, a rage.

Tsohon kejin na so in sayar, mai gwangwan ya taya kuɗin da bai kai na ragar kaɗai ba. Da damina mai zuwa kaji za su shiga.