Sati bakwai da yara shida: abin da shirin gasar muhalli ya koya min

Ranar wata Litinin bayan an tashi daga asambili firinsifal ya kira ni ofis, ya miƙo min takarda yace Malam ga gasa nan an turo mana, jarrabawa ce kan kimiyyar muhalli da tattalin albarkatun ƙasa, ƙananan sakandaren shiyyarmu ne za su kara, tunda kai ke koyar da sayans sai ka zaɓo yara shida ka shirya su. Saura sati bakwai. Makarantarmu ta gwamnati ce a yankin Haɗeja, ba mu da lab, laburaren ma kabad ɗaya ne, to amma na karɓa da murna don dama na daɗe ina son yaranmu su fita su gwada kansu da na wasu makarantu.

Na zaɓi yaran da suka fi jin Turanci, tunda da Turanci za a yi jarrabawar, sannan na zauna dare biyu na haɗa musu takardu cike da ma'anoni da shekaru na kai aka yi hotokofi da kuɗina. Kun san yaranmu da hadda, wanda ya taso da allo da Islamiyya ba a gaya masa yadda ake ɗaukar karatu a ka. Cikin sati biyu kana tambaya suna amsawa kamar ruwa: ranar muhalli ta duniya 5 ga Yuni, yarjejeniyar Montreal 1987, ta Kyoto 1997, ta Paris 2015, muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 zuwa 2030, Wangari Maathai 'yar Kenya ta karɓi kyautar Nobel a 2004. Raina yayi fari sosai, har na gaya wa firinsifal cewa yaran sun shirya.

Sai na samo tambayoyin bara a wajen wani abokina malami na yi musu gwaji. Tambaya 60 ce, wanda yafi kowa ci ya samu 24. Wallahi ranar ban iya cin abincin dare ba. Da na zauna na duba sai naga tambayoyin shekaru da sunaye duka basu wuce goma ba kuma duk sun cinye su, sauran kuwa irin su ne a baka zanen ruwan saman wani gari na shekara goma ace me ka fahimta, ko ace wani ƙauye sun sare itatuwan bakin rafi bayan shekara biyar rijiyoyi sun ja baya, me ya haɗa wannan da wancan. Nan hadda bata da abin da za ta yi maka.

Abin da yafi damuna shi ne tambayar ozon. Su shida duka suka zaɓi cewa ɗumamar yanayi na faruwa ne saboda ozon ya huje zafin rana na shigowa ta ramin. Da mutum ɗaya ne sai ince bai saurara ba, amma shida reras, daga bakina suka ɗauka, haka na dinga faɗa a aji a gurguje shekara da shekaru ban taɓa tsayawa na raba musu biyun ba. Washegari na gaya musu kuskurena ne, muka sake daga farko. Ozon yana can sama yana tare wani irin hasken rana mai ƙona fata da lalata ido, sinadaran tsofaffin firji da gwangwanayen feshi ne suka cinye shi, yarjejeniyar Montreal ta hana su kuma yana ta farfaɗowa a hankali. Ɗumama kuwa daban, iskar kabon dayoksaid da mitan ne ke riƙe zafin da ƙasa ke mayarwa sama, kabon ɗin nan kafin zamanin masana'antu wajen 280 ne cikin miliyan, yanzu ya haura 420. Naga idonsu dai bai nuna ya shiga ba, sai nace to ku gaya min, yaushe dare yafi sanyi, da hunturu ko da damina in hadari ya rufe sama? Suka ce hunturu mana Malam, daren hadari ai gumi ake yi ba a iya barci a ɗaki. Nace me yasa, alhali da rana hunturun ma akwai rana? Aka yi shiru, can wata tace ko don babu abin da zai tare zafin ne sai ya gudu sama? Shi ke nan. Tururin ruwa da gajimare bargo ne, kabon ma bargo ne, mu kuma muna ta ƙara masa kauri. Daga ranar babu wanda ya sake haɗa su.

A sati na uku yaro ɗaya ya janye, babansa yace shago na buƙatarsa da yamma. Na rasa wanda zan saka, sai na ɗauko wani yaro shiru-shiru daga ƙauyen da ke bayan makaranta, Turancinsa da sauƙi amma baya fashi. Muna kan zagayen naitirojin, ina ta zane a allo da kibiyoyi, sai ya ɗaga hannu a hankali yace Malam ko shi yasa Baba baya yarda a taɓa gawon gonarmu, yana cewa geron ƙarƙashinsa yafi na ko'ina zangarniya? Na ajiye alli. Nace zo gaba ka gaya musu duk abin da ka sani game da gawo. Yaron nan da baya magana ya kwashe minti goma yana bayani, cewa gawo da damina yake zubar da ganye don haka baya yi wa shuka inuwa, da rani kuma yake yin kore dabbobi su taru ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yan suna zuba kashi, kuma babansa kullum sai ya haɗa gero da wake a kunya ɗaya. Abin da na ƙara masa kawai shi ne sunayen da littafi ke kiran abubuwan. Asabar ɗin muka je gonarsu da izinin baban, lokacin ba a cire gyaɗa ba, muka tuge guda ɗaya muka wanke saiwar suka ga ƙananan ƙulli-ƙullin nan da ƙwayoyin halitta ke zama ciki suna jawo naitirojin daga iska su mai da shi taki. Dattijon yayi ta mamaki wai abin da ya gada wajen kakanni shi ake tambaya a jarrabawar Turanci. Na basu labarin Maraɗi, yadda tun shekarun 1980 manoma suka koma barin kututture ya tofo su rage rassan su bar masu ƙarfi, wani ɗan Ostireliya Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗa dabarar, har aka farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar ba tare da dashe ba. Baban yace ai shima haka yake yi wa sabara da kalgo in yana sassabe.

Tun daga nan na juya tsarin gaba ɗaya. Kowane darasi da Hausa muke farawa, da tambayar me kuka gani a gida ko a hanya, sai mun gama fahimtar abin sannan in rubuta sunansa na Turanci su kwafa. Yarinyar da iyayenta masunta ne ita ta koya mana kacala, wato wata doguwar ciyawa mai fitowa cikin ruwa, yadda ciyawar ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja zuwa Nguru, kwalekwale baya wucewa, tsuntsayen jan baki na kwana ciki suna fitowa su cinye shinkafa. Ni kuma na haɗa musu da madatsun Tiga da Challawa, cewa da can ruwa na zuwa da ƙarfi da damina ya janye da rani ƙasa ta bushe, yanzu ana sakinsa kusan rani da damina, ita kuma kacala ruwan da ke kwance take so. Leda ma bamu karanta ta a littafi ba, kwatar bakin kasuwa muka je muka tsaya, kowa ya ga abin da ya toshe ta, sannan na gaya musu Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya a 2017.

Lissafi ya bamu wahala, dole na roƙi malamin mas ya bamu awa biyu. Da tafkin Chadi muka yi atisaye, faɗinsa a farkon shekarun 1960 wajen murabba'in kilomita 25,000, bayan farin 1970 da 1980 ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma, to kashi nawa cikin ɗari ya tafi? Na kuma ja musu kunne kada su rubuta cewa tafkin ya ƙafe, tafki ne marar zurfi mai ƙaruwa da raguwa da ruwan sama, ya ma ɗan dawo daga baya.

Akwai ranar da har yanzu take raina. Ina bayanin illar sare itace da gawayi, sai wata cikin 'yan matan tace Malam to da me Umma za ta yi girki, gas ya fi ƙarfinmu, kananzir ma haka. Ba gardama take ba, da gaske take tambaya. Ban so in bata amsar da za ta koma gida tana ganin mahaifiyarta mai laifi ce. Nace mata Afirka gaba ɗayanta hayaƙin kabon da take fitarwa bai kai kashi 5 cikin 100 na duniya ba, murhun Umma ba shi ya ɗumama duniya ba, amma itacen da ke ƙarewa a dajinmu da hayaƙin da take shaƙa kullum a kicin namu ne, mu zai dama. Muka yi maganar murhun laka mai rage cin itace, da yanke reshe maimakon kayar da bishiya. Har yau ina ganin amsar bata cika ba, don talauci ne a ƙarƙashin maganar kuma ba a aji za a warware shi ba.

Lokacin karatun ma sai da na canza, lesin ɗin yamma yana cin karo da Islamiyya da aiken gida musamman ga mata, na bi gidaje uku na gaisa da iyaye muka daidaita kan lokacin tara da safiyar Asabar.

Ranar jarrabawa muka zo na huɗu cikin makarantu goma sha ɗaya, uku na farko ne ke wucewa matakin jiha. Maki biyu ya raba mu da na uku. Da na karɓi takardun na duba sai naga yara biyu sun tsallake layi wajen cike takardar amsa da fensir, amsoshi biyar-biyar sun zame, wata kuma ta faɗi tambayoyi uku irin masu cewa duk waɗannan daidai ne banda ɗaya, bata lura da kalmar banda ɗin ba. Ko sau ɗaya ban basu irin takardar sun gwada cikewa ba, ban kuma taɓa saka musu agogo ba, wannan sakacina ne kuma na gaya musu haka a mota muna dawowa. Yaron gawo shi yafi kowa ci a cikinsu, 47.

Bana ban jira takarda ta zo ba, tun satin farko na buɗe wa duk mai so, yara goma sha tara ke zuwa ranar Asabar. Mun yanke robar lemo mun manna mata rula muna auna ruwan sama a bayan ofis, kowa da ranar da zai rubuta, su da kansu za su zana jadawalin a ƙarshen wata. Na buga takardar amsa guda ɗari don atisaye. Mun kuma shuka gawo takwas a leda, biyar sun fito, na rubuta wa firinsifal yau da safe ina roƙon waya ko ƙaya da za mu kewaye su kafin a saki awaki bayan girbi.