Godiya bayan bikin Auta, da batun zane-zanen da aka rataye a zaure

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Alhamdulillahi, an yi taro an tashi lafiya. Ranar Asabar bayan azahar aka ɗaura auren Autata a nan cikin birnin Zariya, ranar Lahadi da yamma 'yan kai amarya suka raka ta Funtuwa, suka kwana, suka dawo mana da labarin tarba ta mutunci. Da 'yar fari aka aurar da ba ku ji bakina ba, sai dai a ce muku uwar amarya tana ɗaki. To Auta ce, ita ba a yi mata alkunya. Ku gyara zama, saƙon da ɗan tsawo.

Bayan godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana da rai da lafiya, sai Baffan yara, wanda ya yi walicci ya ba da aure, ya kuma tsaya a ƙofar gida tun hantsi yana tarbar baƙi duk da ciwon gwiwar da ke damunsa. Sai limamin unguwarmu da dattawan masallaci. Sai dangin ango, waɗanda tun daga kawo kuɗin gaisuwa har zuwa buɗar kai ba mu ji wata magana mai ɗaci daga bakinsu ba. Ku da kuka taso daga Kano da Kaduna da Gusau da Jos cikin wannan hazo da tsadar mota, Allah ya ba da ladan zumunci, ya huce gajiya.

Abokiyar zamana, wadda yara ke kira Umma, ita ce uwar biki, ni 'yar kallo ce. Ita ta karɓi lefe, ita ta lissafa kayan ɗaki, ita ta ja 'yan jere zuwa Funtuwa ta tsaya a kansu har aka kafa gado aka ɗaura labule. Daren kamu, gida ya yi tsit, na leƙa ɗakinta na same ta a kan keken ɗinki tana rage wa wata jikarmu rigar anko. Mutane suna da abin faɗa da yawa a kan zaman kishi. Ni dai abin da na sani, yarinyar nan a bayan Umma ta yi wayo, kuma da aka zo fita da ita kukan Umma ya fi nawa. Yaya, Allah ya biya ki da gidan Aljanna.

Sai mutanen murhu. Gwaggo, wadda ta tare a gidan nan tun ana saura mako guda, ta zauna a kan alkaki da nakiya da dubulan na gara, ba ta yarda kowa ya taɓa mata kaskon suya ba. Matan maƙwabta da suka buɗe mana tsakar gidajensu aka kafa tukwane. Masu tuyar waina da suka tashi tun kafin kiran assalatu cikin sanyin nan. 'Yan ga-ruwa da suka yi ta sintiri, da almajiran gidanmu da suka wanke tukwane har bayan isha'i, da samarin layi da suka kafa rumfa suka jera kujeru suka kuma kwashe. Masu ɗaukar hoto ba sa zuwa inda kuke, kyamararsu tana can wajen amarya da masu manyan gwaggwaro. Ni na gan ku, Allah kuma ya fi ni gani.

Yanzu bari in zo kan abin da ya hana wayata hutawa tun ranar yini.

Da yawa daga cikinku ba ku san ina zane da fentin ruwa ba sai da kuka shigo zaurenmu kuka tarar da takardu a rataye, tun daga ƙofa har zuwa mashigar tsakar gida. Ni ma ban san za a rataye su ba. Yara ne suka ƙulla abinsu a ɓoye. Ina ɗaki ana ɗaura mini ɗankwali aka ce in fito ana nemana, na fito na tarar da mata sun yi cirko-cirko a gaban bango.

Abin sha'awa ne kawai, ba sana'a ba. Tun ina koyarwa a firamare nake ɗan taɓawa, in zana wa yara abin da za a liƙa a bangon aji. Ban zauna masa sosai ba sai a 2020, lokacin kullen korona, da aka yi Sallah ba ziyara ba yawon gaisuwa. Gidan da ya saba cika ranar idi har a rasa wurin taka ƙafa, ga shi an dafa abinci ba mai zuwa ci. A ranar na ɗauko buroshi na zana ƙofar ɗakina yadda na saba ganinta, da takalma birjik a gabanta, na manya da na yara, wani a kife, wani ɗaya ya hau kan ɗaya. Daga nan ban ƙara ajiyewa ba.

Wasu sun tambaye ni me ya sa ba fuskar mutum ko ɗaya a ciki. Haka na taso, malamanmu sun yi magana a kan surar abu mai rai, ni kuma ban shiga jayayya da kowa, na dai zaɓi in tsaya inda hankalina ya kwanta. Kuma ban ga na yi asara ba. Duk wanda ya zauna a gidan yawa ya san ana gane mutum da kayansa. Ga tandar waina da ludayi a gefe. Ga faifai da dabino da kofin kunun tsamiya ana jiran a sha ruwa. Ga tiren naman layya an rufe da mayafi za a kai maƙwabta. Ga allon saukar ɗaya daga cikin yaran gida jingine da bango, da zayyanarsa. Ga hannu an ƙunsa masa lalle, daga wuyan hannu zuwa yatsu kawai. Gwaggo tana ganin wata langa mai ɓantaren baki ta ce, "Wannan ai tawa ce, ashe nan take!" aka kwashe da dariya, don shekara da shekaru tana cigiyarta.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na takalman ranar suna. Wata 'yar maƙwabtanmu ta daɗe a gabansa, sai ta nuna wani silifas mai ɗinki a maɗauri, ta ce na mahaifiyarta ne, Allah ya jiƙanta. Gaskiyarta. Marigayiyar ba ta taɓa fashin suna ko biki ko gaisuwar rasuwa a gidan nan ba, kullum kuma a gefen hagu na ƙofa take tuɓe takalminta don kada ya tare hanya. Ban zana shi da niyyar tuna kowa ba, abin da ke ƙofar na zana. 'Yata, wannan zanen naki ne, ki aiko a ɗauka. Allah ya kai haske kabarinta, ya jiƙan dukkan waɗanda suka saba cika mana gida yau babu su.

To ta ina yara suka samo takardun? Nan ne maganar maigidana, Malam, ta shigo. Ni in na yi zane bai yi mini ba, sai in jefa shi bayan ƙofa in manta. Ashe shi yana bi yana tsincewa, yana miƙar da su a ƙarƙashin katifa, yana adanawa a cikin akwatin ƙarfen da yake ajiye takardun fili da na fansho. Mutumin da bai taɓa duban zanena ya ce ya yi kyau ba, iyakarsa ya gyara tabarau ya ce "to, to" ya wuce masallaci. Da yara suka tsare shi da tambayar dalilin ajiyewa, cewa ya yi ai takardar da kuɗi aka saya. Haka mutanen zamaninmu suke, ba a koya musu faɗa da baki ba. Yaran yanzu suna da kalmomi masu daɗi da suke aika wa juna a waya, ban kuma raina musu ba, kowa da zamaninsa. Ni dai wanda na sani shi ne mai ɗora mini ruwan zafi da asuba a cikin hunturu ba tare da na roƙa ba, da mai wannan akwati. Malam, na gode. Na san ba ka shiga Facebook, amma na san za a karanta maka, kuma na san abin da za ka ce.

Godiya ta musamman ga ɗalibai biyu, abokan ɗana, daga sashen koyar da zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, waɗanda suka yanka kwali suka yi wa kowane zane gefe don kada takarda ta manne da gilashi, suka kuma zaɓi bangon da rana ba ta dukansa, don fentin ruwa ba ya shiri da rana, kodewa yake yi. Na ji nauyi da na ji inda suke karatu. Makarantar nan ce fa, tun tana kwaleji kafin ta zama jami'a a 1962, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a cikinta a 1958, suna cewa a koyi dabarar Turawa amma a zana abin gida. Sai ga yaran da ake horarwa a can sun durƙusa a zaurena suna auna zanen tukunya da ma'auni, ba raini ba gatse. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku sa'ar karatu. Kafintan bakin layi da ya haɗa firem cikin kwanaki kaɗan ya kuma rufa wa yara asiri, shi ma na gode.

Kawuna da ya taso tun daga Gashuwa, bayan gudummawar biki, ya miƙo mini wani ƙulli daban ya ce wannan na mai zane ne. Na kwance na ga ƙaro, mai kyau, garai-garai. Ƙaro shi ne abin da ke riƙe launi a jikin takarda a fentin ruwa, kamar yadda yake riƙe baƙin tawadar da muka yi rubutun allo da ita muna yara. Daga jikin itacen dakwara ake samunsa, a tsaga ɓawon da rani a bar shi ya tsatso ya daskare. Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi, Cadi da Najeriya suna biye, a nan kuma Yobe da Borno da Jigawa ne gidansa. Ana lodinsa a buhu a kai waje, ya dawo mana a ɗan bututun da bai kai yatsa ba, da tsadar da sai ka yi tunani kafin ka matsa. Da na Kawu zan jiƙa jan ƙasa in tace, in ɗiga zuma kaɗan, in samu launin bangon gidajen birni wanda na kanti bai taɓa ba ni daidai ba.

Masu tambayar yadda za su fara, musamman 'yan matan da suka kewaye ni ranar, ga abin da zan iya faɗa a taƙaice. Ku fi kashe kuɗi a kan takarda, ba a kan fenti ba. Mai kauri, wadda aka rubuta giram 300 a jikinta, ita ce ke shan ruwa ba ta kumbura. Ana farawa da launi mai haske a bi da mai duhu, don mai haske ba ya rufe mai duhu. Fari kuwa ba a shafa shi, takardar ake bari, saboda haka tun kafin ki jiƙa buroshi ki san inda ƙyallin tire ko farin mayafi zai zauna. Shuɗi irin na bula in ya haɗu da jan ƙasa yana ba da ruwan toka mai kyau na inuwar tukunya, ya fi baƙin fenti nesa ba kusa ba. A hunturu irin na yanzu iska tana busar da takarda kafin ki juya, sai ki rufe taga ki yi sauri. Da damina kuma sai haƙuri. Wadda ke so ta zo ranar Alhamis bayan la'asar, ƙofa a buɗe take, ba kuɗi.

Masu son saye kuma, ku yi haƙuri, ba na sayarwa ba ne. Kowa ya gane kayansa ko na mahaifiyarsa a ciki, ya zo mu yi magana. Na keken ɗinki na Umma ne. Na buta da carbi ya koma akwatin mai shi. Na hannu da lalle yana cikin kayan Auta, ƙawayenta sun ce sun rataye shi a falo.

Ke Auta, nasiha an yi miki ta isa, Gwaggo ba ta rage wa kowa abin faɗa ba. Allah ya ba ku zaman lafiya ke da mijinki, ya kawo zuri'a ɗayyiba, ya sa ki zama alheri a gidan da kika shiga. Surukata uwar ango, ga amana nan, na kuma ji yadda kika karɓe ta. Ƙawayen amarya da suka sha ɗawainiya tun daga sa lalle har sayen baki, Allah ya nuna mana naku, mu zo mu rama.

Sanarwa daga Umma: akwai kuloli huɗu, da manyan tire, da tabarmi biyu da ba mu san masu su ba, da wata jakar hannu mai ruwan goro da makullai a ciki, da takalmin yaro ƙafa ɗaya. Suna ɗakin zaure. Mai kaya ya aiko ko ya kira ta, don ta ce ranar Juma'a za ta share ɗakin. Gwaggo kuma ta riga ta tafi da langarta.

Wassalamu alaikum.