Furen damisa: yadda nake renonsa da sayar da shi a Ngaundare

Gonar furannina tana bakin rafi a gefen Ngaundare. Abin da ke ciyar da mu, ni da ƙanena da yaran ban ruwa, shi ne dashen mangwaro da fiya da lemo da furannin shinge, waɗanda ake rububinsu da zarar damina ta faɗi. Amma akwai wata rumfa a can ƙurya wadda ni kaɗai ke hidimarta. A nan nake renon wani fure ɗan dangin okid da masana ke kira Ansellia africana, mu kuma muna ce masa furen damisa saboda ɗige-ɗigen jikinsa.

Ɗan Afirka ne gaba da baya. A 1841 wani Baturen Ingila, John Ansell, ya tsinto shi a tsibirin Fernando Po, wato Bioko ta yau, daura da gaɓar tekun Kamaru, shi ya sa aka laƙaba masa sunansa. A daji ba a ƙasa yake fitowa ba, can sama yake zama a hammatar manyan itatuwa. Masu zuwa gonar sukan ɗauka kauci ne, nakan ce musu a'a. Kauci shan jinin bishiya yake yi, wannan kuwa wurin zama kawai ya ara. Wasu saiwoyinsa suna kama bawo, wasu kuma farare sirara suna miƙewa sama cunkus, su tare busassun ganye da ƙura, abin ya ruɓe a ciki ya zama abincinsa.

Wanda ya gane wannan ya gane renonsa. Ba na sa masa ƙasa ko kaɗan. Tukunyar yumɓu nake hudawa ta ko'ina, in zuba gawayi da fasasshen bulo da bawon itace, in ɗaure shi kada ya yi motsi har saiwa ta kama. Kwandon katako ya fi kyan gani, amma gara ba ta barinsa. Da damina yana shan ruwa son ransa, muddin ruwan zai wuce. Idan hunturu ya shigo sai in janye hannu, domin sandunansa masu kauri suna ajiye ruwa, kuma a wurinmu da rani yake fure. Haske yake so sosai. Wanda aka ɓoye a inuwa mai duhu zai yi ganye shar, amma ba zai ba ka fure ba. Ngaundare tana kan tudun Adamawa, sama da mita 1,000, sanyin darenmu yana yi masa daɗi. Mutanen Garwa da Marwa kuwa sai na ja musu kunne kan zafin Maris da Afrilu: ranar safe kawai, a riƙa yayyafa ruwa a ƙasan rumfa.

Launi shi ne kasuwar. Wani furen rawaya ne tas, da ƙyar za ka ga ɗigo. Wani ruwan ɗorawa ne mai sirkin kore da ƙananan ɗige-ɗige. Wani kuma tabon ruwan ƙasa ya cinye shi har ya kusa zama baƙi, sai leɓen tsakiya kaɗai ya rage rawaya. Masu otal mai duhun suke nema, matan gida sun fi son mai haske. To ganye ba ya nuna launi. Idan ba ka ga uwar ta yi fure ba, ba ka san abin da ka saya ba.

Shi ya sa duk wanda nake sayarwa rabo ne daga uwar da na sani. Idan sabon tsiro ya fara leƙowa, sai in sa wuƙar da na ƙona a wuta in yanke sanduna uku ko huɗu tare da saiwarsu, in shafa garin gawayi a bakin yankan, in rataya alamar uwar. Abin da ya fito launin uwarsa zai ɗauko. Irinsa kuwa kamar gari yake, ba ya tsirowa sai da taimakon wani naman gwari, don haka shuka iri aikin ɗakin gwaji ne, ba namu ba.

Aikin yana da jinkiri, kuma masu gajeriyar hanya suna nan. Lokaci-lokaci samari kan zo da buhu cike da wanda suka ɓamɓaro a daji, saiwa duk ta tsinke. Ɗaya ya ce mini, "Baba, ko nawa ne ka ba mu, mu rage kuɗin mota." Na ce masa, "Ɗana, ba na saye, kuma kada ka sake hawa dominsa." Abin yana ci mini rai, domin wani lokaci bishiyar ake sarewa a kai ga furen. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin tsirran da ke fuskantar barazana, kuma yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin tsirrai da dabbobin daji, CITES, ta hana a ƙetara da shi iyaka ba takarda. Ko abokan cinikina na Yola da Njamena nakan faɗa musu haka tun kafin mu yi maganar kuɗi.

Mai son mai duhun sai ya rubuta sunansa ya jira. Uwa biyu gare ni masu wannan launi, kuma ba na raba uwa sai ta cika tukunya.