Godiya ga duk wanda ya sa hannu a farfaɗo da Chevelle ɗin 1969

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan uwa na nan Houston da na nesa, alhamdu lillahi. Chevrolet Chevelle ɗin nan ƙirar 1969, wadda aka jawo bisa tirela ko tari ba ta yi, ranar Asabar ɗin da ta wuce ta fita da ƙafarta, ta je wurin walimar da aka shirya, ta dawo gareji babu ɗigon mai, babu zafin inji. Mun gode wa duk wanda ya halarta. Yabon gwani ya zama dole, don haka za mu faɗi abin da kowa ya yi dalla-dalla, tun da mutane da yawa a wurin sun ce su ma suna sha'awar sayen tsohuwar mota mai babban inji su gyara, kuma aikin waɗannan bayin Allah shi ne amsar tambayoyinsu. Ba za mu kama suna ba, kowa ya san kansa.

Godiya ta farko ta Baba ce, dattijon da ya raka masu saye har jihar Georgia, ya hana a miƙa ko sisi sai ya gama karanta lambobi. An tallata motar ne da sunan SS 396, wato Super Sport, samfurin Chevelle mai ƙarfi da girman injinsa inci kubik 396 ne, ga tambari a gaba da baya. To tambarin nan sabo ake sayar da shi, kowa na iya liƙawa. Daga 1966 zuwa 1968 lambar shasin SS ta gaske da 138 take farawa, babu gardama. A 1969 kuwa kamfanin ya mayar da SS ƙarin kaya da ake ɗora wa mota idan mai saye ya biya, saboda haka lambar shasi ba ta nuna ta. Lambar tana kan dashbod ta gefen direba, ana hango ta ta gilashi, harufa da lambobi 13 ne. Idan ta fara da 135, Malibu ce, wato Chevelle ta yau da kullum, mai silinda shida tun asali, ba ta taɓa zama SS ba. Idan 136 ce, mai silinda takwas ce, sai a ci gaba da bincike. Wannan 13637 ce. Baba ya kwanta a ƙasa ya ƙirga notukan murfin aksul na baya, ya samu 10, alhali na SS 12 ne. Birkin gaba na diram ne, SS ta 1969 kuwa da birkin diski ta fito. Ya goge ɗan shafaffen wurin da ke gaban inji ta gefen fasinja, inda masana'anta ke buga ƙarshen lambar shasi, ta saɓa da ta motar. Takardar haɗi da ma'aikata kan bari a saman tankin mai ko cikin sifirin ɗin kujera kuma ba a same ta ba. Aka zauna aka yi ciniki a kan Malibu da aka sa wa injin 396 daga baya. Mota ce mai kyau, amma kuɗinta daban. Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Shi ne kuma ya bi bodin da mayen ƙarfe naɗe a tsumma. Inda ya kama ƙarfe ne, inda ya saki foti ne aka cika aka fente. Wuraren da irin wannan mota ke ruɓewa sanannu ne: ƙasan madgad na gaba kusa da ƙofa, bayan tayoyin baya, daɓen but, ƙarƙashin ƙafar direba, da kwarin da gilashin baya ke zama. Na ƙarshen nan shi ne mugu, domin ruwa yana kwanciya a ƙarƙashin adon ƙarfen gilashi, ya huda, ya riƙa ɗiga cikin but shekara da shekaru. Chevelle tana da shasi daban da bodi, ba kamar Mustang ko Charger ba da aka haɗe su wuri guda, kuma shasin daga ciki yake lalacewa, kamar gara ta ci azara, waje lafiya ciki hoto. Sai an soka sukundireba da ƙarfi, musamman a lanƙwasar bayan tayar gaba da jelar shasi ta baya. Na wannan motar ya tsaya ƙyam, shi ya sa aka saya. A ganinmu duk mai niyya ya sayi bodi da shasi mafi lafiya da aljihunsa zai iya, ko da injin ya mutu. Kayan injin Chevrolet suna nan birjik a kasuwa, tsatsa ce ke cinye kuɗi da shekaru.

Hajiya, wadda ta ɗauki nauyin takardu, mun gode ƙwarai. Georgia ba ta wajabta taitil, wato takardar mallakar mota, a kan motocin 1985 zuwa baya ba, don haka motar ta zo da takardar ciniki kawai, rajistarta ta ƙarshe kuma ba da sunan mai sayarwa take ba. Carfax, shafin binciken tarihin mota, ba ya karanta lambar shasin da ba ta kai harufa da lambobi 17 ba, wato duk motar da ta girmi 1981, sai dai a nemi tabbacin ba ta sata ba ce ta hannun hukuma. Hanyar da ta rage a Texas ita ce taitil mai jingina: jami'an tsaro masu binciken satar mota su duba lambar shasi da idonsu, a ƙiyasta darajar motar, a sayi jinginar da ta kai ninki ɗaya da rabi na wannan darajar, wadda ke aiki shekara uku ko wani zai fito ya ce tasa ce. Hajiya ta dage kada a kwance ko noti ɗaya sai takarda ta fito da sunan mai ita, kuma gaskiyarta. Ƙiyasin motar da ba a gyara ba ya fi sauƙi, kuma babu mai son ya zuba dukiya a motar da hukuma za ta iya ƙwacewa.

Ƙanenmu mai tirela, sannu da hanya. Birkin baya ya cije saboda daɗewa a ajiye, sai da ya sassauta shi ta ramin bayan diram kafin winci ya iya jan ta.

Sai Oga mai walda, maƙwabcinmu ɗan Meziko, wanda aikinsa ya fi na kowa tsawo. Kafin a ɗaga bodi daga kan shasi ya walda sandunan ƙarfe a bakin ƙofofi da tsakiyar mota. Motar ba ta da ginshiƙi tsakanin gilashin gaba da na baya, idan aka yanke daɓe babu wannan tokari sai ta lotsa, ƙofa ta ƙi rufuwa har abada. An wanke shasi da ƙasan bodi da feshin yashi, amma ya hana a kusanci rufi da bonet da fatar ƙofofi, don ƙarfin yashi yana miƙar da faffaɗan ƙarfe ya bar shi da tudu da kwari. Waɗannan da maganin cire fenti da injin goge aka bi su. Duk inda ƙarfe ya fito tsirara a ranar aka fesa masa firamar efoksi, domin laimar Houston ba ta ba ƙarfe kwana biyu.

Wajen sa sabon gefen baya, ya fara rataya ƙofa ya daidaita ta da tsohon gefen, sannan ya yanke. Sabbin kwanukan da ake bugawa yanzu ba sa zama daidai sai an rage nan an buga can, don haka ya ɗaure komai da maƙala da ƙananan sukurori, ya gwada but da gilashi da bamba, kafin ya kunna wuta. Waldar baki da baki ya yi, ba ɗori ba, saboda ɗori yana riƙe ruwa a tsakani. Waya mai kaurin inci 0.023, gas mai kashi 75 argon da 25 kabon dayoksaid, ɗigo ɗaya nan, ɗaya can nesa, a bari ya huce. Mai gaggawa ya ja layi ɗaya, zafi ya murɗe kwanon. Ya kuma ja kunnen yara game da mahaɗar rufi da gefen baya: da dalma masana'anta ta cike wurin, ƙurarta guba ce, ba a goge ta babu abin rufe hanci na kirki. Haka ƙurar tsofaffin takalman birki, wadda kan ƙunshi asbestos, ba a hure ta da iska.

Mai fenti ya riƙe ƙa'idarsa, foti bai wuce kaurin milimita uku ba a ko'ina. Inda ya nemi fin haka, mayar wa mai walda ya yi. Mun gode da wannan taurin kai.

Inji kuma yana hannun Malam babban bakanike da masu injin gyaran silinda. Ba a yi gigin tayar da shi ba. An cire fulogi takwas, aka zuba mai a kowane rami, aka bar shi ya jiƙa, aka juya da hannu da doguwar sifana. Da aka buɗe, sai ga haƙoran roba na giyar tayimin sun karye sun taru a ragar famfon baƙin mai. Cuta ce ta injinan wancan zamani, kamfanin ya lulluɓe haƙoran da roba don rage ƙara, tsufa kuma ya sa su farfashe. Da an tayar da shi a haka, da metal ya ƙone cikin mintuna. An sa giyar ƙarfe zalla. An gwada bulok da tof silinda ko akwai tsagewa, ba a samu ba, aka faɗaɗa ramukan da inci 0.030, wanda ya kai injin kusan inci kubik 402, girman da Chevrolet da kansa ya koma a 1970 yana ci gaba da kiran sa 396. An sa mazaunan bawul masu tauri a ɓangaren hayaƙi, domin an ƙera injin ne don fetur mai dalma, wanda aka hana sayarwa ga motocin titi a Amurka tun 1996.

Ranar tayarwa ita ce ranar fargaba, kuma a nan Malam ya nuna gwaninta. Kamshaf ɗin irin na da ne mai tafet shafaffe, yana buƙatar baƙin mai mai yawan zink, wanda aka rage a man zamani. Ya shafe kowane ƙullin kamshaf da man haɗi, ya cire distributa ya juya famfon mai da injin huda har mai ya fito a saman kowane bawul, ya duba jerin wuta sau biyu, 1-8-4-3-6-5-7-2, ya cika kafireta da fetur don kada a yi ta jan kik a bushe. Yana kamawa aka kai shi juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti, ana ɗan hawa ana sauka, har minti 25, ba a bar shi ya yi silo ba ko kaɗan. Dalili shi ne kamshaf da fantsamar mai yake sha, a silo kuma man ba ya isa, ƙulli ɗaya ya cinye sai a sake kwance inji gaba ɗaya. Bayan nan aka zubar da man da zafinsa, aka yanka filta aka duba, babu garin ƙarfe.

Tankin mai na galan 20 sabo aka sa, tsohon ya cika da tsatsa da fetur da ya zama danƙo. An canza duk tiyon roba da kayan cikin kafiretar Quadrajet zuwa masu jure etanol, domin fetur ɗin gidajen mai a nan yana da kashi 10 na etanol, yana cin tsohuwar roba, tiyo ya tsage a kan inji mai zafi kuwa gobara ce. Lagireto mai layi huɗu da murfin fanka su ma dole ne a zafin Texas. Mutane kan yar da murfin nan, alhali in babu shi fanka ba ta jan iska ta cikin lagireto idan mota na tsaye a cunkoso.

Ga wanda ya yi birki: an mayar da gaba diski, da masta da bawul ɗin raba ƙarfi da suka dace da shi, da sabbin bututai har baya. A kula, wasu tsofaffin rim masu inci 14 na birkin diram ba sa shiga kan diski. Tayoyin da suka zo da motar zanensu kamar sabo, amma lambar shekararsu uku ce ba huɗu ba, alamar an yi su kafin 2000. An zubar.

Malam rewaya ya sauya wayarin duka maimakon faci. Da fitilun baya suka riƙa wasa bayan an gama, shi ya gano sabon fenti ne ya raba waya da ƙarfe. Ya kankare wurin kowane at, wato inda waya ke haɗuwa da ƙarfen mota, ya ƙara kebur daga inji zuwa shasi da daga shasi zuwa bodi, magana ta ƙare.

Iyayenmu mata da matanmu da suka yi ta aiko da abinci gareji, suka kuma haƙura da Asabar da Lahadi, Allah Ya biya ku. Maƙwabta da suka jure ƙarar guduma, da matasan da suka sa kowane noti a leda suka rubuta inda ya fito, suka ɗauki hoto kafin a kwance komai, ku ma mun gode. Wannan rubutun ne ya sa haɗawa ba ta zama tashin hankali ba.

Masu tambaya daga gida ko za a kawo ta Kano ko Kaduna, a'a. Dokar kwastam ta Najeriya ta hana shigo da motar da ta wuce shekara 12 da ƙerawa, don haka a nan za ta zauna. An kuma cire tambarin SS, an mayar mata da na Malibu, kada wani ya ruɗu nan gaba.

Abu ɗaya ya rage. Aksul mai noti 10 bai dace da ƙarfin wannan inji ba, shi ya sa ake tuƙa ta a hankali. Duk wanda ya san inda za a samu mai noti 12 na Chevelle daga 1968 zuwa 1972, ko da babu birki a jikinsa, don Allah ya yi mana magana.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya bar zumunci, Ya tsare mu a kan hanya. Amin.

Daga 'yan uwanku na gareji, Houston.